Taskar Zane-zane ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya

Sashen koyar da zane-zane da sassaƙa na Jami'ar Ahmadu Bello, da ke Samaru, yana cikin mafiya daɗewa a irinsa a manyan makarantun Nijeriya, kuma ayyukan da ya tara a zaurensa na baje koli da filinsa na mutum-mutumi suna cikin muhimman shaidun tarihin zanen zamani a ƙasar.

Sashen ya girmi jami'ar kanta. An kafa shi a Ibadan a 1953 a ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya da Ƙere-ƙere ta Nijeriya, aka dawo da shi Zariya a 1955. Da aka buɗe jami'ar a 1962 sai ta gaje shi, da malamansa da kayan aikinsa. A farko yawancin malaman Turawan Ingila ne, manhajar kuma irin ta makarantun Landan ce: a zana jikin mutum daidai da ma'auni, a kula da haske da inuwa. Cikin 'yan ƙasa na farko da suka koyar a nan akwai Clara Ugbodaga-Ngu.

A 1958 wasu ɗalibai suka kafa Ƙungiyar Masu Zane ta Zariya, waɗanda daga baya aka yi wa laƙabi da 'yan tawayen Zariya. A cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo da Simon Okeke. Ba su ƙi ilmin Turawa ba. Abin da suka ƙi shi ne a ce ɗan Nijeriya, ana gab da samun 'yancin kai, ba shi da abin zanawa sai da idon baƙo. Aƙidarsu, wadda Uche Okeke ya fayyace a 1960, ita ce a ɗauki dabarar da aka koya a aji a haɗa ta da fasahar gida. Shi Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango. Onobrakpeya ya nufi tatsuniyoyin Urhobo. Abokin karatunsu Jimoh Akolo ya zana makaɗa da mahaya dawakin Arewa. Kuma a Zariya, garin da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a, inda bangayen gidaje ke ɗauke da dagi, malum-malum kuma ke ɗauke da aska takwas, ba sai an yi nisa ba kafin a ga hujjar wannan aƙida.

Ƙungiyar ta watse a 1961, amma 'ya'yanta sun bazu da aƙidarta. Grillo ya jagoranci koyar da zane a Yaba, Uche Okeke ya yi haka a Nsukka, Nwoko ya shahara a fasalin gine-gine a Ibadan.

Taskar sashen ta ginu ne a hankali daga ayyukan ɗalibai da malamai: zanen fenti, da zanen bugu, da sassaƙa na siminti da ƙarfe da itace. Manyan mutum-mutumin suna tsaye a fili kusa da sashen, rana da ruwa na dukansu shekara da shekaru. A shekarun da suka biyo baya sunan da ya fi fice shi ne Gani Odutokun, wanda aka haifa a Gana a 1946, ya yi suna da barin fenti mai ruwa ya kwarara a kan ƙyalle, ya kuma rasu a haɗarin mota a 1995. Bayansa Farfesa Jerry Buhari ya ci gaba da riƙe tutar, da ayyuka masu magana a kan ɓarnar muhalli da halin talaka.

Yau ana baje ayyukan waɗancan ɗalibai na 1958 a manyan gidajen zane na Turai da Amurka, alhali mutumin Gombe ko Kano zai iya gama digiri a Samaru bai taɓa leƙa zauren ba. Dukiya ce da ta cancanci cikakken kundi mai hotuna, da gyara a kai a kai, da bayani da Hausa a gefen kowane aiki. Makarantun sakandare da ke kai ɗalibai yawon buɗe ido Zariya su riƙa sa wannan sashe a cikin wuraren da za su ziyarta.