Tekun Adar da kalmomin murjani

Kimanin shekaru miliyan 60 da suka shuɗe, teku ne ya rufe ƙasar Deule, Buza, Keita da Madawa. A 1903 masanin Faransa Albert de Lapparent ya tabbatar da cewa teku ya taɓa rufe yankin daga ɓawon halittun ruwa da aka tsinto a Tamaske, amma sunayen Latin aka raɗa musu.

Haka murjani: Bahaushe a wuyan amarya ya san shi, alhali tun shekarun 1720 Peyssonnel ya nuna taron ƙananan dabbobin teku ne masu gida guda. Faransanci ya kira kowace «polype», mai ƙafafu da yawa, mazauninta kuwa «calice», wato ƙoƙo. Tunda daga maganar yau da kullum kimiyya ta ari sunayenta, malamin Hausa na da hujjar cewa «ƙoƙon murjani», ɗalibi ya gane.