Daga Barikin Ikeja Zuwa Baruwa: Wa Muke Damƙa Wa Aikin Wuta?

Manyanmu a nan Agege ba su manta da yammacin Lahadi, 27 ga Janairu, 2002 ba. A ranar ce gobara ta kai ga rumbun makamai na barikin sojoji da ke Ikeja, bama-bamai suka yi ta tashi ɗaya bayan ɗaya. Mutane fiye da 1,000 suka rasu. Mafi yawansu ba wuta ce ta ci su ba. Gudu suka yi cikin duhu, wasu na zaton juyin mulki ne, babu mai faɗa musu abin da ke faruwa ko ina za su nufa, har suka faɗa magudanar ruwa ta Oke-Afa wadda ciyawa ta rufe samanta. Daga baya kwamandan barikin ya nemi afuwa, ya ce rumbun tsoho ne, kuma ba a kai ga gyara shi ba kafin abin ya auku.

Bayan shekara goma sha shida, ranar 28 ga Yuni, 2018, wata tanka ɗauke da fetur ta kife a gadar Otedola, kan hanyar Legas zuwa Ibadan. Hukumomi suka ce birki ne ya tsinke. Aƙalla mutum tara suka rasu, motoci fiye da 50 suka ƙone. Sannan ranar 8 ga Oktoba, 2020, da sassafe, tashar gas ta fashe a Baruwa, nan kusa da mu ta wajen Ipaja. Jami'an agajin gaggawa sun ce ana cikin sauke gas daga tanka ne alhali janareto na aiki. Aka yi asarar rayuka da gidaje da shaguna.

Ƙaddara gaskiya ce, babu musu. Amma a kowane ɗaya daga cikin ukun nan akwai aikin da ya rataya a wuyan wani: mai kula da ajiya, mai duba birki kafin a ɗauki kaya, mai kashe inji kafin a buɗe bututu. Ko dai ba a koya masa ba, ko an koya masa amma babu mai bibiya.

Abin ya shafe mu kai tsaye, domin yaranmu ne da dama ke jan tanka daga Apapa zuwa Arewa, su ne ke cika tukunyar gas a lungu, su ne ke walda. Kuma ba yau muka san tsarin horo ba. A da, yaron mota sai ya shekara da shekaru yana wanke mota, yana sa weji, yana duba mai da ruwa da taya, kafin maigida ya bar shi ya matsar da ita a cikin gareji. Hanya kuwa sai an gwada shi an sake gwadawa. Idan ya yi ɓarna, sunan maigidansa ake kira. To yanzu gaggawa ta shigo. Wata uku yaro ya ce ya iya, mai mota kuma yana neman wanda zai biya kuɗi kaɗan.

Gwamnati tana da nata. An kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa tun 1988, kuma jami'anta kan duba tanka a defo kafin a yi mata lodi. Sai dai jami'i ba zai bi direba har Jebba ba. Abin da ke kan direban da hannunsa, daga wurinmu ya samo shi.

Saboda haka, Alhazai masu motoci da masu shagon gas, ga abin da ya rage namu. Kada a bar sabon yaro shi kaɗai a bakin aiki. A sa kowa ya riƙe abin kashe gobara da hannunsa ya gwada, ba a rataye shi ado ba. Wanda ya daɗe ma a riƙa sake duba aikinsa, domin sabo kan kawo sakaci. Yaron da ya ce birki ba lafiya, ba zai tashi ba, a gode masa, kada a zaftare masa kuɗi. Maƙwabta kuma a sanar da su ta ina za su bi idan wuta ta tashi.

Ran mutane amana ne a hannun duk wanda ya ɗauki ma'aikaci. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu, Ya kiyaye na gaba.