Doki, Kibiya da Ganuwa: Yadda Ya Kamata a Gwada Mayaƙan Da

Akwai wata gardama wadda ba ta ƙarewa tsakanin ɗalibai, ko a makarantar horon malamai ta Gyallesu ko a wasunta, watau a kan wane ne ya fi kowa jaruntaka cikin mayaƙan da. Wani ya kawo Iskandari na Makidoniya, wani Halidu bin Walid, wani Salahuddini, Bazazzagi kuwa ba ya yarda a tashi ba a ambaci Amina ba. Gardamar ba ta banza ba ce, amma yawanci a kan yi ta ne da sunaye da adadin runduna kaɗai, alhali waɗannan su ne mafi rauni cikin hujjojin da ke hannun mai tarihi.

Batun adadi ba ya bukatar dogon bayani. Herodotus ya ce dakarun Sarkin Farisa da suka nufi ƙasar Yunan a shekara ta 480 kafin haihuwar Annabi Isa sun kai 1,700,000, ba kuwa masanin da ke karɓar wannan a yau. A yaƙin Tondibi na 1591, Tarikh al-Sudan ya ba Askiya Ishaƙa na biyu dawaki 12,500 da dakaru 30,000, Tarikh al-Fattash kuwa ya ce dawaki 18,000 ne da dakaru 9,700. Yaƙi guda ke nan, littattafan kuma duka na ƙasar Songhai ne. Mayaƙa 20,000 da a kan jingina wa Amina ba su cikin Tarihin Kano. Abin da wannan littafi ya kawo shi ne ta yi shekara 34 tana cin garuruwa har Kwararrafa da Nufe, kuma Sarkin Nufe ya aiko mata da babanni 40 da goro 10,000. Ko zamaninta ma ba a daidaita ba, don Tarihin Kano ya sa ta a zamanin Sarki Dauda, wajen 1421 zuwa 1438, su kuwa masu riƙe da cewa 'yar Bakwa Turunku ce sun kai ta ƙarni na 16.

Hujjar da ta fi wannan ƙwari tana cikin harshe. In aka jera kayan yaƙin Bahaushe, sai a ga sun rabu gida biyu. Baka da kibiya da kwari kalmomin gida ne, kalmar doki ita ma tana da 'yan'uwa a sauran harsunan Cadi. Amma kayan da a ke ɗora wa dokin kusan duk baƙi ne. Sirdi daga sarj ya ke na Larabci, linzami daga al-lijam, likkafa daga al-rikab, lifidi daga al-libd. Harafin l da ke farkon ukun ƙarshe guntun al ne na Larabci ya manne, kamar yadda ya manne a littafi da liman da labari, Greenberg kuwa ya yi magana a kan irin wannan aro tun 1947. Takobi abokin takoba ne na Buzaye. Kalma ba ta faɗin shekarar da aka aro ta, amma tana nuna cewa Bahaushe ya daɗe da doki da kibiya kafin ya san barde mai lifidi, kuma kayan barde saye a ke yi daga arewa da gabas. Saboda haka rundunar dawaki abar sarki ce da masu sarauta, baka kuwa na kowane talaka ne mai farauta.

Tarihin Kano ya ce Kanajeji, wanda ya yi sarauta wajen 1390 zuwa 1410, shi ya fara kawo lifidi da kwalkwali da sulke. Abin lura shi ne, sabon kayan bai ba shi nasara nan da nan ba. Da ya zo wa Zazzau a Turunku kora ya sha. Sai a karo na gaba ya yi galaba a Gadas, aka kashe Sarkin Zazzau, ya zauna kusa da Shika wata 8, sa'an nan ya koma gida. Ya ci yaƙi, amma bai riƙe ƙasar ba.

Inda doki da kibiya suka yi gamon da aka fi sani shi ne Tabkin Kwatto, ran 21 ga Yuni 1804. Sarkin Gobir Yunfa ya zo da dawaki masu yawa, cikinsu har da 'yan lifidi 100, da Buzaye mataimaka. Jama'ar Shehu, a ƙarƙashin Malam Abdullahi, dawakinsu ba su wuce 20 ba, sauran duk 'yan baka ne, suka kuwa karya Gobirawa. Mai karatun tarihin Turai lalle ya tuna da Kiresi a 1346 da Ajinkur a 1415, inda 'yan bakan Ingila suka zubar da baraden Faransa. Dalilin guda ne a nan da can: doki mai nauyin kaya yana son fili da gudu, in maharba suka tsaya wuri guda ba su watse ba, sai ya zama abin hari. Amma kada malami ya yi gaggawar gaya wa ɗalibai cewa kibiya ta fi doki. Ba a ƙare wannan shekara ba sai da Gobirawa da Buzaye suka faɗa wa jama'ar nan a Tsuntsuwa, aka kashe musu mutum wajen 2,000. Alƙalawa kuma, da ya ke tana da ganuwa, ba ta ciwu ba sai cikin Oktoba 1808, bayan an kai mata hari an dawo ba sau ɗaya ba.

Ganuwa ita ce ta uku, ita ce kuma masu gardama su kan manta. Wanda ya taso daga Gyallesu ya shiga birni ta Ƙofar Doka yana iya ganin abin da ya rage na ganuwar Zariya, ko da ya ke gine-gine sun cinye mafi yawanta. Kafin zuwan igwa, doki ba shi da abin yi da irin wannan gini, sai dai a yi zobe a jira yunwa ko a sami na ciki ya buɗe ƙofa. Wannan ya sa al'adar kiran tsofaffin garu da sunan ganuwar Amina ta fi kowane adadin runduna nuna abin da mutane suka riƙe a kanta. Birnin Zariya kansa, da Malam Musa ya ci shi a 1808, ba fasa ganuwa aka yi ba. Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi, a littafinsu na tarihin Abuja, sun ce an auka wa Sarki Makau ne yana filin Idi a bayan gari, bai sami komawa ciki ba, ya nufi Zuba. Ƙanensa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, garin da a yanzu a ke kira Suleja. Dawakin Zariya, waɗanda suka gagari mutane da yawa a fili, ba su ci Abuja ba har Turawa suka zo a 1902, domin ƙasa ce ta duwatsu da kurmi, ga kuma ƙudan tsando mai kashe doki.

To, in ba makawa sai an fid da gwani, ma'aunin da ya fi adalci shi ne a dubi wanda mutum ya kara da shi. A bisa wannan ma'auni Kanta na Kabi ya fi kowa hujja a ƙasar Hausa. Kanajeji da tsaransa ya yi yaƙi, Amina kuwa ba mu da sunan sarkin da ya tsaya mata a fage. Kanta ya bi Askiya Muhammadu zuwa yaƙin Agadas, suka ɓata a kan rabon ganima wajen 1516, ya fita daga biyayyar Songhai a lokacin da ba daular da ta kai ta ƙarfi a yammacin Sudan. Labarin nan kuwa daga Tarikh al-Sudan ya fito, watau daga bakin abokan gabansa, shaidar da ta fi ta maroƙa nauyi. Songhai ta sake gwada shi a zamanin Askiya Muhammadu Benkan, ta koma da kunya. Ya kara da Borno kuma daga gabas. Kangon ganuwarsa ta dutse yana nan a Surame, cikin Jihar Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya ba da labarin ƙarshensa a Infaƙul Maisuri: yana dawowa daga yaƙin Borno aka yi masa kwanton ɓauna a Dugul ta ƙasar Katsina, aka harbe shi da kibiya, ya rasu a Jirwa, mutanensa suka ɗauko gawar suka kai Surame suka binne.