Dokar Karɓar Fili a Ƙasar Daura

A zamanin da, ƙasar Daura a hannun Sarki take. Mai son gona ko filin gida sai ya je wurin dagaci, a yanka masa. Da Turawa suka zo, suka kafa doka a 1910, suka ce dukan ƙasar Arewa tana hannun Gwamna, amana ce ta jama'a. A kan wannan tushe aka gina dokar 1962, da ta 1978 wadda ta game Nijeriya duka.

To, idan gwamnati tana son faɗaɗa titi ko gina makaranta, tana da ikon karɓar wuri, ko mai shi ya yarda ko bai yarda ba. Diyya kuwa ta gini ce da itatuwa da shuka. Ƙasar kanta ba a biya, don a wurin doka ba tasa ba ce. Watau mai soro ya fi mai saura samu, ko da gadon kakanni ce.

Da irin wannan iko ne ake samar wa manyan ayyuka fili, kamar hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi, wadda aka tsara ta bi ta Daura, aka ƙaddamar da aikinta a 2021.