Daidaita sukarin jini ga tsofaffin da ke gidajen kulawa

A Amurka, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na mazauna gidajen kula da tsofaffi suna da ciwon sukari, akasarinsu nau'i na biyu. Ma'aunin da likitoci suka fi dubawa shi ne gwajin HbA1c, mai nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata uku.

Ga mai sauran ƙarfi a jika, ana so sakamakon ya kasance ƙasa da kashi 7 cikin ɗari. Amma matsa wa tsoho mai rauni da magani don ya kai hakan yana da haɗari. Idan sukari ya faɗi ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita ta jini, yakan jawo jiri da ruɗewa da faɗuwa, har da karaya. Mai cutar mantuwa kuwa sau da yawa ba ya iya bayyana abin da yake ji.

A 2008 an dakatar da sashen tsananta magani na binciken ACCORD, bayan mace-mace sun fi yawa tsakanin waɗanda aka nemi sauke ma'auninsu ƙasa da kashi 6.

Ƙungiyar Ciwon Sukari ta Amurka tana ba da shawarar sassauta ma'aunin zuwa ƙasa da kashi 8 ga tsofaffi masu cututtuka da yawa. Ga waɗanda jikinsu ya yi rauni ƙwarai, abin da ake sa wa gaba shi ne hana faɗuwar sukari, tare da kauce wa hauhawar da ke kawo yawan fitsari da ƙishirwa da jinkirin warkewar rauni.