Daga Alharini Zuwa Gezna: Yadda Turanci Ya Shiga Sunayen Kayan Ƙawa a Jega

Tun kafin Bature ya taka ƙasar Gwandu da niyyar mulki, Jega ta san kayan ƙawa. Buhari ɗan Abdussalami, jagoran Gimbanawa, shi ya kafa garin wajen 1820, bayan rasuwar mahaifinsa a rikicin Kware. Ba a jima ba kasuwarta ta zama mahaɗar fatake: masu zuwa Gwanja neman goro, masu hawowa daga Nufe da Ilori, da masu gangarowa daga Kano da Sakkwato. Kayan da ake ji da su a lokacin ta Hamada suke ratsowa, don haka da sunan Larabci suke isowa. Alharini, alkyabba, kaftani, almiski, lu'ulu'u, har ita kanta alfarma, duk baƙi ne da suka daɗe har aka manta ba 'yan gida ba ne.

Wasu kayan ma tun a wancan zamani na Turai ne. Baturen matafiyi Clapperton ya sayi laima ƙirar Ingila a kasuwar Kano a 1824, wani matafiyin, Barth, kuma ya tarar da yadin Mancesta a can a 1851. Amma da yake Larabawan Gadamas da Tarabulus ne suka kawo su, ba wanda ya kira su da Turanci. Wanda ya kawo haja shi yake raɗa mata suna.

Sai hanya ta juya kudu. Sakkwato ta faɗa hannun Turawa a 1903, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, kantunan John Holt da UAC suka bazu. Aka koma awo da yadi, har ma'aunin ya zama sunan kayan.

Abin da ya fi ba ni sha'awa shi ne irin Turancin da ya shigo. Manyan kalmomin da Bature yake yabon ado da su ba su sami gurbi ba, domin muna da ƙawa da kwalliya da ƙasaita, ba ma neman aro. Fada ma ba ta buɗe musu ƙofa ba. Sunayen ƙasashe da na masaƙu da na daraja ne suka shiga bakin mata da teloli. Holan atamfar kamfanin Vlisco ce, wanda aka kafa a garin Helmond a 1846, ya kwaikwayi rinin mutanen Jawa ta Indonesiya, ya sami kasuwarsa a Afirka ta Yamma. Sufa kuwa samfurin da ya fitar ne a 1973. Ingila ita ce ta Mancesta. Leshi da boyel Turanci ne da harshenmu ya tanƙwara, kuma da yawan wanda ake kira suwis daga Lustenau ta ƙasar Ostiriya yake fitowa. Ita ma gezna, sarauniyar shadda, sunan masaƙar Getzner ne da ke Bludenz tun 1818. Ranar buɗe lefe da waɗannan sunaye ake auna ango, tun ba a taɓa kayan an ji laushinsu ba.

Hana shigo da yadin waje da gwamnatin soja ta yi a shekarun 1970 ƙara musu farin jini ya yi. A lokacin ana saƙa yadi a Kaduna, a masaƙar KTL tun 1957 da ta UNTL tun 1964, amma atamfar da ta ɓullo ta Kwatano ta ratso iyakar Kamba ko Lolo ita ce abar nunawa. Da na Cana suka cika kasuwa ɗauke da tambarin holan, UNTL ta rufe a 2007, sai sunan kaɗai ya daina wadatarwa. Dole mai rumfa ya ƙara rantsuwa: "Hajiya, wallahi orijinal ce."

Kalma ɗaya ce daga cikin manyan kalmomin Bature ta kutso, ita ma a mota ta zo. A Turancin ƙarni na 14, tushen kalmar lagzuriyas fasiƙanci yake nufi, sai a ƙarni na 17 ya koma jin daɗi da wadata. A Nijeriya kamfanonin sufuri irin Ekene Dili Chukwu suka liƙa ta a dogayen motocinsu, kuma da farko sun cancanta, kujera mai laushi ga sanyi. Yau masu hali jirgin sama suke bi. Ɗan kasuwar Aliero da ya kai albasa Onica, in ya shigo lagzuriyas zai dawo gida, yana iya kwana a kan ɗan benci tsakanin kujeru, buhuna a ƙafarsa, ba zai miƙe sosai ba sai an wuce Koko an doshi Maiyama.