Hayiti: Harshen da Aka Haifa a Gonar Rake

A shekarata ta biyu a jami'a, cikin darasin cuɗanyar harsuna, aka rubuta mana wata gajeriyar jimla a allo: "Liv la sou tab la." Duk wanda ya yi lakwal zai gane kalmomin, domin livre ne, da sur, da table. Amma "la" ɗin nan ta koma bayan suna, abin da Bafaranshe ba ya yi. Mu ne ke yin haka, in mun ce "littafin yana kan teburin". Aka ce mana harshen mutanen Hayiti ne, Kireyol. Tun ran nan nake bin labarinsu.

Hayiti tana yammacin wani tsibiri a tekun Karebiyan, ita da Jamhuriyar Dominika suka raba shi. Sunan Ayiti daga ƴan asalin wurin ne, Taino, waɗanda cuta da aikin dole na Sifaniyawa suka kusa ƙarar da su. A 1697 yankin ya koma hannun Faransa, da sunan Saint-Domingue. Rake da kofi suka mai da shi mallakar da ta fi kowace kawo wa Faransa kuɗi. Wajen 1789 bayi sun kai kusan 500,000, Turawa kuwa ba su wuce 40,000 ba. Mafi yawan bayin nan a Afirka aka haife su, saboda aikin rake yana kashe mutane da sauri, kullum sai an kawo sababbi. Akwai ƴan Kwango, da Fon da Ewe na gaɓar Benin da Togo, da Yarabawa da ake kira Nago. A takardun masu gonaki har akwai waɗanda aka rubuta "Aoussa". Ba su da yawa, amma wallahi da na ga kalmar sai da jikina ya yi sanyi.

To, ku duba halin da suke ciki. An haɗa Bahaushe da ɗan Kwango da Bafon a bukka ɗaya, babu mai jin wani, mai bulala kuma da Faransanci yake tsawa. A nan Kireyol ya tsiro. Kalmominsa galibi na Faransanci ne, amma aikatau ba ya sauya siffa. Wata ƴar kalma ake sa masa a gaba, "te" don abin da ya wuce, "ap" don wanda ake cikin yi, "pral" don mai zuwa, kamar "za" tamu. Masana na gardama har yau kan ko harsunan Afirka ne suka ba shi wannan gini. Ni dai abin da na ƙi yarda da shi, shi ne a kira shi gurɓataccen Faransanci. Faransancin ma ai daga Latin ɗin talakawa ya fito.

Ba harshe kaɗai suka gina ba. Vodu, addinin da finafinan Amurka suka mai da abin tsoro, kalmar Fon ce mai nufin iska ko abin bauta. Iskokin ana ce musu lwa, an kasa su gida-gida, Rada daga Allada, Nago, Kwango. Wanda lwa ya hau ana kiran shi "chwal", wato doki. Wanda ya taɓa jin zancen ƴan bori ba sai an yi masa bayani ba. Aikin gayya kuma suna da shi, "konbit" suke ce masa.

A watan Agusta 1791 bayin arewa suka tashi, bayan taron dare na Bwa Kayiman da ake danganta wa Boukman. A 1793, da wakilin Faransa Sonthonax ya shelanta soke bauta, sai da aka fitar da shelar da Kireyol don jama'a su ji. Napoleon ya turo runduna, aka kama Toussaint Louverture, ya mutu a kurkukun Fort de Joux a 1803. Dessalines ya ƙarasa yaƙin a Vertières, ran 18 ga Nuwamba 1803, kuma ran 1 ga Janairu 1804 aka yi shelar ƴanci a Gonaïves. Har yau duk 1 ga Janairu suna shan miyar kabewa, soup joumou, wadda ake cewa da can bayi ke dafawa amma ba su da damar sha. UNESCO ta sa ta cikin gadon duniya a 2021.

Ga inda abin yake ci mini rai: takardar ƴancin da Faransanci aka rubuta ta. Sojojin da suka zubar da jini, yawancinsu ba za su iya karanta ta ba. A 1825 Faransa ta tilasta wa Hayiti biyan diyyar faran miliyan 150 kafin ta amince da ƴancinta, daga baya aka rage zuwa miliyan 90. Wannan kowa yana faɗa. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne kotu da makaranta da ofis sun ci gaba da harshen ƴan tsiraru, alhali kowane ɗan ƙasa da Kireyol ya tashi. Yaron da aka kama yana harshen uwarsa a aji ana hukunta shi. Mu da muka rataya sambol a wuya a firamare, don an ji mun ce "ba ni alli", mun san wannan kunyar.

Sauyin ya zo a hankali. Félix Morisseau-Leroy ya mai da wasan Antigone zuwa Kireyol a 1953, don ya nuna harshen zai ɗauki magana mai nauyi. Frankétienne ya fitar da littafinsa Dézafi a 1975. Wajen 1980 aka daidaita rubutun harshen, aka fara shigar da shi makarantu. Sai a kundin tsarin mulki na 1987 ya zama harshen hukuma tare da Faransanci, shekara 183 bayan ƴanci. Hukumar kula da shi kuwa sai 2014 aka kafa ta. Yanzu ƴan Hayiti sun haura miliyan 11, duk suna jin Kireyol, amma har gobe iyaye da yawa na ganin yaro bai yi ilimi ba sai ya iya Faransanci.

A watan Maris 2025 mu ma aka rubuta cewa Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, Faransanci da Ingilishi na aiki. Na yi murna, ba zan ɓoye ba, ko da yake abokaina Zabarmawa da Buzaye suna da tambayoyin da ya kamata a saurara. Jarrabawar da zan yi wata mai zuwa, kan wannan darasi na cuɗanyar harsuna, da Faransanci zan rubuta ta.